Idon Hagu na Gwaggo Rahamatu Mai Gabu

Gwaggo Rahamatu ƙanwar mahaifina ce. A Lambara idan ka ce kana neman Rahamatu za a tambaye ka wacce, amma idan ka ce mai gabu, kowa zai nuna maka gidan da hannu. Ta fi shekara talatin tana sana'ar. Idan an cire albasa a fadama, mijinta Baba Haliru ya kawo mata lawashi, wato ganyen albasar, cike da amalanke. Ta tsince, ta yayyanka, ta daka a turmi har ya yi laushi, ta dunƙula shi kamar ƙwan kaza, ta jera a tabarma a rana. Idan ya bushe shi ne gabu. Ranar kasuwa ta kai Boɗinga, masu miya su saya. Nata ba ya funfuna ko ya kai damina, shi ya sa ake nemansa.

Duk macen da ke daka lawashi idonta ja ne. Wannan ba abin magana ba ne a wurinmu. Ka shiga gidan da ake daka, za ka tarar da mata uku suna hawaye suna dariya, kamar an yi musu rasuwa da haihuwa rana ɗaya. Saboda haka da idon Gwaggo ya fara ja, wajen shekara tara da suka wuce, babu wanda ya kalle shi sau biyu. Albasa ce. Ita ma haka ta ce.

Sai dai na sauran matan yana washewa da zarar sun wanke fuska. Nata yakan yi mako uku, ya lafa, ya dawo. Yakan dawo har da damina, lokacin da babu lawashi ko ɗaya a garin. Idan ya taso ba ta iya kallon rana, sai ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. Maƙwabciyarta Inna Safiyya, wadda suke daka tare tun suna amare, ta samu abin tsokana.

"Amarya, buɗe fuska mu gani. Ko sai mun sayi baki?"

"Ke dai ki daka, tsohuwar banza. Rana ce ka sukata ga ido."

"Rana ko Haliru? Shekara talatin, har yau kunya tai kike ji?"

Ta sa tozali. Ta sa ruwan sukari da aka ce yana maganin jan ido. Daga baya wani mai kemis ya ba ta wani maganin ɗigawa da ke kwantar da ciwon cikin kwana uku, ta riƙa saye duk lokacin da ya taso, ta bari idan ya lafa. A haka idon dama ya tafi, a hankali, ba tare da ta san ranar da ya tafi ba. Ta ce mini wata rana tana zizara tozali ta rufe na hagu, sai ta ga duhu. Ta buɗe, ta sake rufewa, duhu. Ta ajiye tozalin ta je ta ɗora tukunya. Ta yi sama da shekara ba ta faɗa wa kowa ba.

Ni na karanta ilimin halittu a jami'a, na gama hidimar ƙasa, na dawo gida ba aiki. Wata safiya ina zaune a gidanta na ga ta miƙa hannu za ta ɗauki taɓarya, hannun ya wuce ta gefe ya kama iska. Ta sake miƙawa, ta laluba, sannan ta kama. Na matsa kusa na dubi idonta. Na dama ya yi fari ya ɗan shige ciki. Na hagu kuma akwai wani hazo a tsakiyarsa. A watan Disamba na kai ta wani asibitin ido a Sakkwato.

Likitan matashi ne, ba shi da yawan magana. Ya sa ta ɗora haɓa a kan na'ura, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya tambaye ta ko bakinta yana yawan yin gyambo. Ta ce yana yi. Ya ce gwiwoyi fa, suna kumbura? Ta juyo wajena.

"Mufida, wanga likita ne ko duba shika yi?"

Ya yi murmushi kaɗan, ya ce ba albasa ba ce. Ya ce ciwo ne na kumburi, inda garkuwar jikin mutum take juyowa ta riƙa yaƙar jikin da ya kamata ta tsare, kuma ita ce ke cin bakinta da gwiwoyinta da cikin idonta. Idon dama ya mutu, babu abin da za a yi masa. Na hagu yana da yana, wadda kumburin ya haifar, amma jijiyar da ke bayanta tana da rai. Idan aka cire yanar za ta ga hanya, za ta gane fuskoki, wataƙila har ta zura zare a allura. Amma ba a taɓa idon da ke cikin kumburi da wuƙa. Sai ya yi wata uku cur a kwance, ba ja, ba ciwo. Ya rubuta ƙwayoyi da maganin ɗigawa sau shida a rana, a rarrabe daga safe zuwa dare. Ya ce idan kumburin ya sake tasowa za a fara ƙirga wata ukun daga farko, kuma duk tasowa ɗaya tana cin wani abu daga jijiyar da ba ya dawowa.

"Ido ɗaya ya rage mana, Mama," in ji shi. "Ba mu da na canji."

Muna shirin fita ya ƙara da cewa a wasu ƙasashe yanzu akwai wata allura da ake yi wa masu irin wannan ciwo duk mako biyu, tana hana kumburin tasowa tun daga tushe, amma a nan samunta da wuya. A gefe ya faɗe ta. Ni kuwa ita na riƙe. Na roƙe shi ya rubuta mini sunanta a bayan kati, kuma daga ranar na duƙufa a waya ina karanta duk abin da na samu a kanta. Ina karanta wa Gwaggo ina fassara mata. Ta sa mata suna allurar Turai.

Wata biyu na farko komai ya tafi daidai. Na koma gidanta da zama, na saita ƙararrawar waya sau shida. Jan ya washe. Ta cire mayafi daga fuska. Ƙwayoyin sun kumbura mata kumatu, Inna Safiyya ta ce ashe dai Haliru ya fara ciyar da iyali. An hana ta daka, don haka Inna Safiyya ke dakawa, ita ta zauna can nesa a inuwa tana dunƙulawa.

A ƙarshen Fabrairu muka koma. Likita ya duba ya ce alhamdu lillahi, idon ya kwanta. Ya rage ƙwayoyin sosai saboda illarsu, ya ce yanzu maganin ɗigawa ne zai riƙe idon. Ya ba mu ranar aiki, mako guda bayan ƙaramar Salla. Gwaggo ta fita ta zauna a benci saboda an ɗiga mata abin da ke buɗe ido, haske yana damunta. Ni na tsaya wajen nas ina jiran kati. Nas ɗin ta ce mini, tana haɗawa da Turanci tunda ta ga na yi boko, azumi na tafe, in kula kada tsohuwa ta bar magani da rana. Ta ce idan an ɗiga, a rufe ido a danne lungunsa na wajen hanci da yatsa na ɗan lokaci, maganin ba zai sauka maƙogwaro ba. Har ta ɗora yatsa a nata idon ta nuna mini. Na ce to. Wayata na hannuna, ina tsakiyar karanta wani bayani a kan allurar. Na ji abin da ta ce, na gan ta tana nunawa. Kafin mu kai tasha ya fice daga kaina.

A makon ne na samu aikin koyarwa na wucin gadi a wata makarantar kuɗi a Boɗinga. Na ce ba zan je ba, Gwaggo ta ce in na zauna ba ta yafe ba. Ta iya ɗigawa da kanta, kuma tana gane lokutan da kiran salla da inuwar katanga. Na koma gidan mahaifina a Boɗinga, ina zuwa Lambara duk Juma'a. Aka ga wata, aka ɗauki azumi.

Kullum sai na kira wayar Baba Haliru.

"Gwaggo, kin ɗiga?"

"Ina ɗigawa, ɗiyata. Sau shidda, ba ni ragewa."

Ranar Juma'a in ɗaga kwalbar in duba a haske. Tana raguwa daidai yadda ya kamata. Hankalina ya kwanta.

A Juma'a ta uku na tarar da ita a ɗaki, mayafi a fuska. Ta ce zafi ne da ƙishirwa, kai ke sara mata. Inna Safiyya ta leƙo daga tsakar gida da taɓarya a hannu ta ce, "Na hwaɗa mata ta matsa nesa da turmi, ta ƙiya. Lawashin bana ƙarfi gare shi, ni ma duba nawa idon." Na duba. Nata ma ja ne wur. Na karanta ilimin halittu shekara huɗu, na zauna gaban likita na ji da kunnena ya ce ba albasa ba ce, amma na tsaya a tsakar gidan nan na yarda cewa albasa ce, domin ita nake so ta zama. Saura kwana goma sha bakwai a yi aiki. Na ce a raina mu dai lallaɓa mu kai ranar.

Muka kai ranar. Mun zo da tabarma da kwanon abinci da kayan kwana biyu. Likita ya sa ta ɗora haɓa. Ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa. Ya auna wani abu, ya sake aunawa. Sannan ya juyo wajenta.

"Mama, yaushe ya fara ciwo?"

"Tun wajen goma ga azumi."

"Maganin fa, yaya kike ɗigawa?"

"Sau shidda, yadda kac ce."

"Da wane lokaci da wane lokaci?"

Ta ce, "In an sha ruwa in ɗiga ukku. Da sahur in ɗiga ukku."

"A jere?"

"A jere. Shidda ke nan, ban rage ko guda ba."

Ya ajiye biro. Ya ce ido ba ya riƙe fiye da ɗigo ɗaya a lokaci guda, sauran duk a kumatu suka ƙare. Wato wata guda cur idon yana samun magani sau biyu, kuma yana wuni tun asuba har magariba babu komai, daidai lokacin da aka rage ƙwayoyi. Kumburin ya taso da ƙarfi, ya toshe hanyar da ruwan cikin ido ke bi, ruwan ya taru ya danne jijiya makonni.

Ya tambaye ta me ya sa. Ba da faɗa ba. Ta ce ranar farko ta azumi ta ɗiga da hantsi, sai ta ji ɗacin maganin a maƙogwaro. Ta yi ta tofarwa har bakinta ya bushe, ɗacin bai tafi ba. Ita kuwa tun tana yarinya ta san abin da ya isa maƙogwaro ya karya azumi. Shi ne ta yi dabara ta mayar da shi duka bayan shan ruwa da sahur, don kada ta saɓa wa likita, kada kuma ta saɓa wa Allah.

"Me ya hana ki tambaya, Gwaggo?" na ce. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so.

"Na san mi za ku ce. Ku ce in sha azumi. Ni tun da nib bar ramuwa irin ta mata ban sha ko guda ba. Ina tafiya da ƙafata, ina cin tuwo, in zauna ina kurɓar ruwa da rana tsaka don ido?"

Nas ɗin tana tsaye a bayan likita. Ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ban nuna miki yadda ake dannewa ba?"

Gwaggo ba ta gane da wa ake ba.

Ba a cire yanar ba. A ranar aka yi mata wani ƙaramin aiki na buɗe wa ruwan hanya, aka mayar da ita kan ƙwayoyi masu yawa. Ciwon ya lafa cikin mako biyu. Abin da ya tafi bai dawo ba. Da can tana ganin mutum kamar a cikin hayaƙi, tana gane jan zane da shuɗi. Yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Da Baba Haliru ya kai maganar ga limamin unguwarsu, liman ya ce mai ciwo irin wannan addini ya ba shi uzuri, ko ta ɗiga ta rama daga baya, ko ta bi yadda likita ya nuna. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi, gidansa da nasu katanga uku ce tsakani. Baba Haliru ya dawo ya faɗa mata. Ta ce, "To."

Na bar aikin makarantar. Baba Haliru ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bayan gida, wata kuma zuwa gindin darbejiya inda take zama. Ta ƙone hannu a murhu sau biyu, aka hana ta girki. Ta daina zuwa kasuwa. Har yanzu tana dunƙula gabu, hannunta bai manta ba, kuma da yatsa take gane wanda ya bushe har ciki da wanda bayansa kawai ya bushe. Amma ba ita ke jerawa a rana ba, ba ita ke kwashewa ba, kuma an ce masu saye sun fara cewa na bana bai kai na da ba. Masu zuwa dubiya sukan tsaya a gabanta su tambayi Baba Haliru, "Yaya mai jiki?" Ran nan ta ce wa wata, "Ido ne yat tahi, kunne na nan." Ta daina cin abinci a gaban mutane tun ranar da ta ji wata baƙuwa ta yi tsaki na tausayi da ta ga miya ta zuba mata a zane. Inna Safiyya kaɗai ba ta canza mata ba. Tana shigowa za ta ce, "Ina makauniyar gidan nan, an tashi?" Gwaggo ta ce, "Gara ni, na huta da ganin muninki." Su yi dariya. Amma na taɓa ganin Inna Safiyya ta tsaya da daka, ta jingina goshi da taɓarya, ta daɗe a haka, kuma ba lawashi take dakawa ba ran nan, gero ne.

Na yi wata guda ina juya maganar nas a cikina. Ba na iya cin abinci sosai. Wata rana da hantsi ina ɗiga mata magani na faɗa mata duka: cewa akwai yadda ake yi ɗacin ba ya sauka, an nuna mini tun kafin azumi, ni ce na manta.

Na so ta zage ni. Na so ko ta ce ƙaddara ce, kamar yadda kowa ke cewa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Nuna mini." Na kama yatsanta na ɗora a lungun idon. Ta danne, ta jira, ta haɗiye yawu. Ta sake haɗiyewa.

"Babu ɗaci," in ji ta.

"Babu, Gwaggo."

"Ɗan wannan ne duka?"

Ta juya fuska wajen bango. Kwana biyu ba ta kira sunana ba, sai dai ta ce "ke". A na uku ta ce, "Mufida, karanto mini labarin allurar Turai."

Game da allurar, ga iyakar abin da na sani. Likita ya ce ba za ta tayar da abin da ya mutu ba, sai dai ta tsare abin da ya rage, kuma idan ta kwantar da idon sosai wataƙila a cire yanar a ga ko akwai saura a bayanta. Tana da tsada ƙwarai. Sai an ajiye ta a firiji, mu kuwa a Lambara wuta sai ta ga dama. Ya rubuta wa wasu abokan aikinsa a wani gari ko akwai hanyar da ake taimaka wa marasa ƙarfi su same ta. Wata huɗu ke nan, ya ce bai ji komai ba tukuna. Gwaggo ta san duk wannan, ban ɓoye mata ba. Duk da haka ta sa Baba Haliru ya je ya yi magana da wani mai sayar da ruwan sanyi a Shagari da ke da firiji mai aiki da hasken rana, ya yarda zai ba ta gurbi idan allurar ta zo.

Yanzu duk wata muke zuwa asibiti. Ba a nuna mata allon haruffa kuma. Nas takan rufe labule, likita ya haska ƙaramar tocila daga sama, daga ƙasa, daga dama, daga hagu, ita kuma ta nuna inda hasken ya fito. A watan jiya ta nuna uku daidai. A makon da ya wuce ya haska daga ƙasa, ta ce, "Ka kunna?" Ya haska daga dama, ta nuna sama. Ya rubuta wani abu, ya ce mu ci gaba da magani, mu dawo bayan mako biyu maimakon wata.

Muka shiga motar Shagari, tana kujerar gefen taga ta dama, ina kusa da ita. Muka wuce Boɗinga. Sannan ta laluba ta kama gwiwata.

"Nawa nic ci yau?"

Na yi niyyar in ce uku. Ba za ta taɓa sani ba.

"Biyu, Gwaggo."

"Wane da wane?"

"Sama da hagu."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗaga murya ta ce wa direba ya ɗan tsaya don Allah. Ya ce, "Lahiya, Inna?" Ta ce lafiya lau, wuri za ta canza. Mutane suka yi ta gunaguni, wani mai buhun albasa a cinya ya ce mota ba ɗaki ba ce. Sai da mutum uku suka sauka aka zagayo da ita ɗaya gefen, ina riƙe da hannunta. Ta zauna ta jingina da tagar hagu, ta ture mayafi baya, ta juya idon wajen gilashi. Direba ya tambaya ko a tafi. Ta ce a tafi.